Wasa Ba da Tafinta Ba: Waiwaye a kan Rayuwa da Ayyukan Shigeru Miyamoto

1.0 GABATARWA

A ranar 1 ga Oktoba, 1979 Alhaji Shehu Shagari ya karɓi ragamar mulkin Nijeriya. Daga cikin manyan alkawuran gwamnatinsa akwai samar wa ƙananan ma'aikata da talakawa muhalli, kuma a ƙarƙashin wannan shiri ne aka gina rukunonin gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Ɗaya daga cikinsu ita ce unguwar Shagari Low Cost da ke Yola, garin da a lokacin yake hedikwatar Jihar Gongola, kafin a raba ta a 1991 a sami Adamawa da Taraba.

A daidai shekarun wannan gwamnati, wato 1979 zuwa 1983, wani matashi mai zane a birnin Kyoto na ƙasar Japan yana can yana ƙirƙiro wani ɗan mutum mai jar hula da gashin baki, wanda daga baya aka raɗa wa suna Mario. Kafin ƙarshen shekarun 1990 wannan ɗan mutum ya riga ya bayyana a allon talabijin a falukan irin waɗannan gidaje. Yaran da suka zauna gabansa, daga masu jin Fulfulde da Hausa har zuwa masu jin Bacama ko Margi, babu mai jin Japananci a cikinsu, da yawa kuma Ingilishinsu bai kai ya kawo ba. Duk da haka babu wanda ya nemi tafinta kafin ya gane abin da ake so ya yi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin mutumin da ya ƙirƙiro wannan wasa, Shigeru Miyamoto, domin gano yadda ya kai ga tsara wasan da ke koyar da kansa ba tare da dogaro da harshe ba. Za a dubi ƙuruciyarsa da shigarsa aiki da manyan ayyukansa, sa'annan a yi tsokaci a kan sunayen da ya yi amfani da su da kuma hanyar da ayyukan suka biyo suka iso ƙasar nan.

2.0 HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Shigeru Miyamoto ranar 16 ga Nuwamba, 1952 a Sonobe, wani ƙaramin gari mai gonakin shinkafa da tsaunuka, arewa maso yamma da birnin Kyoto. Shekara bakwai ke nan da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasar Japan tana cikin farfaɗowa. Mahaifinsa malamin Ingilishi ne, kuma gidansu na masu rufin asiri ne kawai. A farkon ƙuruciyarsa babu talabijin a gidan. Saboda haka, kamar yadda yaron ƙauye a ƙasar Hausa kan haɗa motar kara da hannunsa, shi ma da kansa yake ƙera abin wasansa da itace da zare. Yakan haɗa 'yan tsana ya yi wasan kwaikwayo da su, yakan kuma cika littattafansa da zane.

Sauran lokacinsa a daji yake ƙarar da shi. Ya sha ba da labarin wata rana da ya tarar da bakin wani kogo a kan tsauni, ya yi kwanaki yana jin tsoron shiga, daga bisani ya ɗauko fitila ya kutsa. Haka kuma ya ambaci wani kare na maƙwabta da yakan zaburo masa, sai sarƙar da aka ɗaure shi da ita ta fizge shi baya. Waɗannan abubuwa biyu duk sun sake bayyana a cikin ayyukansa, kamar yadda za a gani nan gaba.

A 1970 ya shiga kwalejin fasahar zane ta birnin Kanazawa, inda ya karanci tsara siffar kayan masana'antu, ya kammala a 1975. Burinsa na farko shi ne ya zama mai zana littattafan labari cikin hotuna, waɗanda Japanawa ke kira manga. Abin lura a nan shi ne, bai karanci ilimin kwamfuta ba. Da idon mai zane da tunanin mai ƙera abin wasa ya shigo wannan sana'a.

3.0 SHIGARSA KAMFANIN NINTENDO

Kamfanin Nintendo ya girmi wasan bidiyo nesa ba kusa ba. Fusajiro Yamauchi ne ya kafa shi a Kyoto a 1889 domin yin karta mai zanen furanni da ake kira hanafuda. A 1949 Hiroshi Yamauchi ya zama shugabansa. Da kasuwar karta ta ja baya a shekarun 1960, sai ya taɓa harkoki dabam-dabam, har da motocin tasi da shinkafa mai saurin dahuwa, amma ba su karɓe shi ba. Kayan wasan yara ne suka fisshe shi, musamman waɗanda wani injiniya mai suna Gunpei Yokoi ya ƙirƙiro.

A 1977, ta hanyar wani abokin mahaifinsa, Miyamoto ya sami ganawa da Yamauchi. Daga cikin abubuwan da ya nuna masa akwai maratayan tufafin yara da ya tsara da siffar kawunan dabbobi. Aka ɗauke shi aiki a matsayin mai zane. Ayyukansa na farko sun haɗa da tsara jikin na'urorin wasa na gida da zana hotunan wasannin da ake sanyawa cikin manyan akwatuna a wuraren shaƙatawa, waɗanda sai an jefa musu kuɗi suke aiki. A lokacin irin waɗannan akwatuna suna tashe, tun bayan da kamfanin Taito ya fito da Space Invaders a 1978.

4.0 DONKEY KONG DA HAIHUWAR MARIO

A 1980 Nintendo ya buɗe reshe a Amurka ƙarƙashin Minoru Arakawa, surukin Yamauchi. Arakawa ya yi odar akwatuna 3,000 na wani wasan harbi mai suna Radar Scope. Kafin jirgin ruwa ya iso da su yayin wasan ya wuce, aka sayar da kimanin 1,000, saura 2,000 suka yi kwantai a sito. Reshen ya kama hanyar durƙushewa. Mafita ɗaya ita ce a samo sabon wasa da za a sanya cikin waɗannan akwatuna. Da yake manyan injiniyoyi suna da ayyuka a gabansu, sai aikin ya faɗa hannun Miyamoto, wanda bai taɓa tsara wasa sukutum ba, aka kuma ɗora Yokoi ya riƙa duba shi. Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai.

Da fari an so a gina wasan a kan taurarin zanen nan na Amurka, Popeye da budurwarsa da abokin gabarsa, amma ba a sami izini a kan lokaci ba. Sai Miyamoto ya riƙe tsarin mutum uku ya sauya 'yan wasa: gwaggon biri ya sace budurwa ya haye saman ginin da ba a gama ba, wani kafinta kuma yana hawa tsani yana tsallake gangunan da birin ke gangaro masa domin ya ceto ta. Kafin a taɓa ko da maɓalli ɗaya, ana nuna birin yana hawa da yarinyar a hannu. Duk wanda ya ga wannan ya san inda za a dosa da dalilin zuwa. Ɗan Bahaushen da ya tashi da tatsuniyoyin Dodo mai ɗauke 'yan mata ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wasan yana cikin na farko-farko da suka ba da labari daga farko zuwa ƙarshe da hoto zalla.

An fito da Donkey Kong a watan Yuli, 1981. Ya zuwa tsakiyar 1982 an sayar da akwatuna kimanin 60,000 a Amurka. A wannan shekara kamfanin fina-finai na Universal ya shigar da ƙara, yana cewa an kwaikwayi fim ɗin King Kong. Lauyan Nintendo, John Kirby, ya nuna wa kotu cewa Universal da kansa ya taɓa kafa hujja a wata shari'a cewa labarin King Kong ba mallakar kowa ba ne. Nintendo ya yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 1984.

4.1 Siffar Mario

Siffar kafintan ta samo asali ne daga ƙarancin ƙarfin na'urar wancan zamani. Hoton da ke allo ɗigo-ɗigo ne ake jerawa, kuma filin da aka ba mutum ɗaya bai wuce ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance ba, launuka ma 'yan kaɗan. Zana gashin kai mai motsi yana da wuya, sai aka sa masa hula. Baki ba zai fito sarai ba, sai aka yi masa gashin baki da babban hanci. Domin a riƙa ganin hannuwansa suna motsi yayin gudu, sai aka sa masa rigar aiki mai haɗe da wando, launinta dabam da na hannun rigar ciki. Wato daidai ruwa daidai tsaki. Wannan ya dace da koyarwar Yokoi, wanda ra'ayinsa shi ne a ɗauki tsohuwar fasaha mai araha wadda aka riga aka laƙanta, a sarrafa ta ta sabuwar hanya, maimakon a yi tseren sayen mai tsada.

5.0 SUPER MARIO BROS. DA DABARAR KOYARWA BA DA MAGANA BA

A ranar 15 ga Yuli, 1983 Nintendo ya fito da na'urar wasa ta gida mai suna Famicom, wadda ake jona wa talabijin a sa mata kaset. A shekarar ce kuma kasuwar wasannin bidiyo ta Amurka ta rushe, saboda an cika ta da wasanni marasa inganci har masu saye suka juya baya, 'yan kasuwa suka daina karɓar kayan. A cikin wannan hali aka kai na'urar birnin New York a watan Oktoba, 1985 da sunan Nintendo Entertainment System. Abin da ya fi taimakawa wajen dawo da martabar kasuwar shi ne Super Mario Bros., wanda aka fito da shi a Japan ranar 13 ga Satumba, 1985, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 40.

Ba Miyamoto kaɗai ya yi aikin ba. Takashi Tezuka ya taya shi tsarawa, Toshihiko Nakago ya jagoranci rubuta umarnin kwamfuta, Koji Kondo kuma ya tsara kiɗan. A kan takarda mai gida-gida suka riƙa zana kowane zango da hannu kafin a shigar da shi na'ura. Zanguna 32 ne, amma duk wasan bai wuce kilobait 40 ba, abin da bai kai girman hoto guda da ake ɗauka da wayar hannu ba. Saboda tsimi, zane ɗaya ne ya zama gajimare a sama ya kuma zama kurmi a ƙasa, launi kawai aka sauya.

Zango na farko shi ne ya fi cancantar nazari, domin a nan ne dabarar ta fi fitowa fili. Ga yadda aka jera darussansa:

(1) Mario yana tsaye a gefen hagu yana fuskantar dama, gabansa fili fetal. Ba a ce wa kowa ya tafi dama ba, amma can kowa yake nufa.

(2) Wata ƙaramar halitta mai ɗaure fuska tana tahowa a hankali. Wanda ya tsaya ta taɓa shi ya mutu, ya kuma koyi cewa tsalle ne mafita. Asararsa ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba.

(3) A sama akwai tubala masu ƙyalli da alamar tambaya. Idan aka doki ɗaya daga ƙasa sai naman kaza ya fito, ya gangara ya bugi bututu ya juyo kan Mario. Mai wasa zai ɗauka abokin gaba ne ya yi ƙoƙarin tsallakewa, amma tubalan da ke samansa sukan tare shi. Da ya taɓa shi sai ya ga ya ƙara girma, ya gane cewa wannan alheri ne.

(4) Bututan da ke biye kowane ya fi na bayansa tsawo ko ya yi daidai da shi, ta haka hannu ke koyon cewa daɗewa a kan maɓalli yana ƙara nisan tsalle.

(5) Can gaba akwai matakala biyu da sarari a tsakaninsu, wanda ya faɗa ciki ƙasa zai taka ya fito. Nan take sai ga wasu biyu irinsu, amma rami ne a tsakani.

Tsarin a kullum ɗaya ne: a gabatar da abu a inda kuskure ba ya da tsada, a maimaita shi da ɗan sauyi, sa'annan a jarraba mutum a inda kuskure ke da hukunci. Malamin da ke koyar da harshe na biyu zai gane wannan hanya, domin ita ce ta tafiya daga sananne zuwa baƙo. Miyamoto ya bayyana cewa sukan fara tsara zangunan gaba ne, sai sun san abin da mai wasa zai buƙata sa'annan su dawo su gina na farko. Rubutun da ke cikin wasan 'yan kalmomi ne na Ingilishi, ko a kwafin da aka sayar a Japan, kuma ana iya kai wa ƙarshe ba tare da an karanta ko ɗaya ba. Gani ya kori ji.

6.0 ZELDA DA AYYUKAN DA SUKA BIYO BAYA

A lokaci guda da Mario, wannan rukuni yana aikin wani wasa mai akasin tsari. The Legend of Zelda ya fito ranar 21 ga Fabrairu, 1986. A nan babu miƙaƙƙiyar hanya. Ana ajiye yaro mai suna Link a tsakiyar daji ba makami, a gabansa kuma ga bakin kogo, a ciki ne zai sami takobi. Kogon Sonobe ke nan ya dawo. Da masu gwaji suka koka cewa suna ɓata, Miyamoto bai sauƙaƙa ba, domin so yake yara su riƙa tambayar juna suna musayar sirrin da kowa ya gano. Wato harshen da ya cire daga cikin allo ya mayar da shi bakin 'yan wasa. Karen nan mai sarƙa kuwa ya bayyana a Super Mario Bros. 3 na 1988, a siffar baƙar ƙwallo mai haƙora da aka ɗaure da sarƙa.

A ranar 23 ga Yuni, 1996 aka fito da Super Mario 64, inda Mario ya bar tafiya a kan layi ɗaya ya shiga fili mai tsawo da faɗi da zurfi. A nan ma an fara da farfajiyar fada wadda babu abokin gaba a cikinta, domin mutum ya saba da gudu da tsalle kafin ya shiga haɗari. A 1998 aka bi da Ocarina of Time daga jerin Zelda, wanda masu sharhi da dama ke sanyawa cikin mafi ingancin wasannin da aka taɓa yi.

Da girma ya zo, rayuwar gida ta maye gurbin dajin ƙuruciya a matsayin tushen tunaninsa. Aikin lambu yana cikin abin da ya ba Pikmin na 2001 siffarsa, kiwon kare ya haifar da Nintendogs a 2005, al'adarsa ta auna nauyinsa kullum kuma ta haifar da Wii Fit a 2007. Na'urar Wii ta 2006, wadda ake sarrafawa da motsin hannu domin tsoho da yaro su iya, an sayar da fiye da miliyan 100.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Wii Music na 2008 bai sami karɓuwar da aka zata ba, na'urar Wii U ta 2012 kuma ba ta kai miliyan 14 ba. Abokan aikinsa sun san shi da rushe aikin da ya yi nisa idan bai gamsu ba, ɗabi'ar da suke kira da wani salon maganar Japananci mai nufin kifar da teburin cin abinci. Wasu kuma na sukarsa da cewa yana rage wa labari daraja, domin a wurinsa daɗin motsi a hannu shi ne gaba da kome. Ubangidansa Yokoi ya bar kamfanin a 1996, ya rasu a haɗarin mota ranar 4 ga Oktoba, 1997.

7.0 TSOKACI A KAN SUNAYE

Ko da yake wasannin ba su dogara da magana ba, sunayen da ke cikinsu abin sha'awa ne ga manazarcin harshe. Ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko su ne na aro daga Turai da Amurka. Miyamoto ya nemi kalmar Ingilishi mai nuna taurin kai da wauta, sai ya zaɓi sunan jaki ya haɗa da Kong, wanda Japanawa suka sani da ma'anar ƙaton biri. Turawa sun yi mamakin sunan, amma Bahaushen da ke kiran daƙiƙi jaki zai fahimci nufinsa. Kafintan kuwa da fari Jumpman aka kira shi, wato mai tsalle. Ma'aikatan reshen Amurka ne suka sa masa Mario, sunan Mario Segale, mai siton da suke haya a jihar Washington. A 1983, cikin wasan Mario Bros., aka mayar da shi mai gyaran famfo, aka kuma yi masa ɗan'uwa Luigi. Da yake Japananci ba ya bambanta /l/ da /r/, furucin sunan ya yi kusa da kalmar ruiji mai ma'anar kamanni, ga shi kuwa Luigi kwafin Mario ne da aka sauya wa launi. Gimbiya Zelda ta sami sunanta daga Zelda Fitzgerald, matar marubucin nan na Amurka.

Kashi na biyu su ne na abinci da tsirrai. Babban abokin gabar Mario, wanda Turawa ke kira Bowser, sunansa a Japan Kuppa, daga wani abincin Koriya na shinkafa da romo. Ƙaramar halittar zango na farko kuwa Kuribo ce, daga kuri, wani ɗan itace mai ɓawo.

Kashi na uku su ne amsa-kama masu ninki, waɗanda Japananci ke da arzikinsu kamar Hausa. Kunkuru mai tafiya shi ne Nokonoko, kalmar da ke siffanta tafiyar ko-in-kula. Mai fiffike Patapata ne, daga ƙarar kaɗa fiffike. Kifi Pukupuku ne, daga tashin kumfa a ruwa. Ƙwallon nan mai sarƙa kuwa Wanwan ne, wato haushin kare. Wannan ya yi daidai da yadda Hausa ke siffanta tafiya da tinƙis-tinƙis ko buguzum-buguzum. Da aka kai wasannin Amurka an sauya waɗannan sunaye, aka rasa wannan armashi. Wato abin da ke cikin harshe ya raunana a hannun masu fassara, abin da ke cikin hoto da motsi kuwa ya ƙetare lafiya lau.

8.0 ISOWAR WASANNIN ƘASAR NAN

Akasarin na'urorin da suka kawo Mario Afirka ta Yamma a shekarun 1990 kwaikwayon Famicom ne da aka ƙera a Taiwan da Sin, masu araha, waɗanda 'yan kasuwa suka baza a Afirka da Gabashin Turai da Kudancin Amurka. Kaset ɗinsu yakan zo da alkawarin ɗaruruwa ko dubban wasanni, alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa da sunaye dabam-dabam. Ƙananan wasannin farko ne suka fi shiga irin wannan kaset, shi ya sa Super Mario Bros. ya fi Zelda yaɗuwa, domin Zelda ya fi girma kuma yana buƙatar karatu. Littafin bayanin da Nintendo ya buga ba ya cikin kwalin. Yaro a Yola ko Jimeta ya fuskanci wasan ne shi da allo kawai, wanda kuwa shi ne ainihin yanayin da aka gina zango na farko dominsa. Sunan Miyamoto bai iso tare da kayan ba, ribar cinikin ma ba ta koma Kyoto ba, amma koyarwar ta iso yadda aka tsara ta.

Hausa ta karɓi baƙon da kayan da take da su. Ta ari kalmar gem daga Ingilishi, ta haɗa ta da aikatau buga, wanda dama da shi ake buga ƙwallo da karta, aka sami buga gem. Kalmomin ci da mutuwa da rai su ma sun sami ƙarin ma'ana a bakin 'yan wasa, har mutum ya ce ya mutu saura masa rai ɗaya, ba wanda zai yi salati. Wannan fage ne da ya dace masu nazarin faɗaɗar ma'ana su waiwaya.

9.0 SHUGABANCI DA KARRAMAWA

Bayan rasuwar shugaban Nintendo Satoru Iwata ranar 11 ga Yuli, 2015, Miyamoto da Genyo Takeda ne suka riƙe kamfanin har aka naɗa Tatsumi Kimishima a watan Satumba. Daga nan ya rage sa hannu a tsara wasanni kai tsaye, ya koma renon matasa da kai Mario wasu fagage. Ya sa ido a kan dandalin shaƙatawa na Super Nintendo World da aka buɗe a Osaka a 2021, ya kuma kasance ɗaya daga furodusoshi biyu na fim ɗin Mario na 2023, wanda ya tara fiye da dala biliyan 1.3.

Faransa ta ba shi lambar girma ta fasaha da adabi a 2006, Sifen ta ba shi kyautar Yariman Asturias a fannin sadarwa a 2012. A 2019 gwamnatin Japan ta sanya shi cikin mutanen da suka yi wa al'ada hidima, shi ne na farko daga sana'ar wasannin bidiyo. Tun kafin nan, a bikin rufe wasannin Olamfik na Rio a 2016, firayim ministan Japan Shinzo Abe ya fito da shigar Mario domin gayyatar duniya zuwa Tokyo.

10.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta bi rayuwar Shigeru Miyamoto daga Sonobe zuwa shugabancin Nintendo. An ga cewa mai zane ne da aka damƙa wa aikin ceto kayan kwantai, kuma ƙarancin kayan aiki ya tilasta masa bayyana nufinsa da siffa da motsi. An nuna yadda ya mayar da wannan takura hanyar koyarwa, wadda ta sa wasansa ya shiga gidajen da ba a jin harshensa, ciki har da na Shagari Low Cost. An kuma ga cewa kayan da ya yi gini da su na gida ne: kogon garinsu da karen maƙwabta da amsa-kamar harshensa. Hausa ma tana da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, tana da langa da dara da carafke, waɗanda yaro kan koya ta kallo kafin a yi masa bayani. Tarihin Miyamoto shaida ne cewa irin waɗannan kaya suna iya yin doguwar tafiya idan suka sami mai sarrafa su.